Inda Ake Samun Tsuntsaye da Namun Daji a Kurmin Arewacin Duniya



Akwai wani kurmi da ya yi wa duniya ɗamara daga can sama. Ya taso daga Alaska, ya ratsa Kanada, ya tsallake teku ya sauka a Norwe da Suwidin da Finlan, sannan ya miƙe cikin Rasha har bakin tekun Fasifik. Masana suna kiransa taiga, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na dazuzzukan duniya a cikinsa suke. Wanda ya ji wannan girma zai ɗauka da zarar ya sa ƙafa tsuntsaye za su yi masa caa. Ina! Mutum yakan yi tafiyar rabin yini a ciki bai ji komai ba sai iska a kan rassa da ƙarar takalminsa. Ƙasar sanyi ce, abinci kaɗan ne, don haka masu rai a warwatse suke, kowa ya maƙale inda cikinsa ke samun abin da yake so. Wanda ya san abincin kowane tsuntsu da watan da abincin ke samuwa, ya riga ya san inda zai tsaya. Wanda ya dogara da faɗin taswira kuwa, mai kawai zai ƙona.

Finlan ce ƙasar da ta fi sauƙin gwada wannan magana. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasarta daji ne, hanyoyin masu sarar katako sun ratsa shi lungu-lungu, kuma doka ta ba kowa, ɗan ƙasa da baƙo, damar shiga daji ko na wane ne. Mutum zai yi yawonsa, ya tsinki 'ya'yan itace, ya kafa tanti na kwana ɗaya ko biyu, muddin bai matsa kusa da gidan mutane ba, bai dami tsuntsu a sheƙa ba, bai kuma hura wuta ba sai da izinin mai fili. Ga shi kuma mutane ne masu rubuta abin da suka gani. Tun 1913 suke sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, kuma ƙungiyar BirdLife ta ƙasar tana da rumbun bayanai a intanet mai suna Tiira, inda masu sha'awa ke shigar da abin da suka gani kullum. Sai dai sheƙar mujiya da ta gaggafa ba a bayyana wurinsu a fili, kuma dalilin haka zai fito nan gaba.

Abu na farko da baƙo zai koya shi ne bambanta daji da gonar katako. Itatuwan yankin ba su da yawan iri: fayin da sifurus masu ganye tsinin allura su suka mamaye, sai wata bishiya mai farin ɓawo da 'yan ƙasar ke kira koibu, da asfen mai ganyen da ke rawa ko da iska kaɗan ce. Mafi yawan abin da ido ke gani daga tagar mota shuka ce. A dasa, a rage, a sare bayan shekara sittin zuwa ɗari da ɗoriya, a sake dasawa. Itatuwan duk tsara ɗaya, a miƙe, ƙasa a share. Tsohon daji kuwa hargitse yake. Ga ƙatuwar bishiya kusa da 'yar ƙarama, ga matacciya a tsaye ɓawonta na zuba, ga wata a kwance gansakuka ya lulluɓe ta har ƙafa na nutsewa in an taka, rassa kuma wani abu mai kama da furfurar gemu yana reto a jikinsu. A ruɓaɓɓen itacen nan tsutsa da tururuwa suke, kuma daga nan lissafin abincin daji ke farawa.

Misali ɗaya ya isa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai, nauyinsa bai wuce giram 11 ko 12 ba, wanda da kansa yake ƙwaƙule kogon sheƙarsa, kuma bakinsa ba ya iya huda lafiyayyen itace sai ruɓaɓɓen kututturen koibu. A da yana cikin tsuntsayen da suka fi yawa a dazuzzukan Finlan. A jerin halittun da ke cikin haɗari da ƙasar ta fitar a 2019, sunansa na ciki. Babu wanda ya farauce shi. Kututturen ne aka daina bari.

Tsuntsaye masu sassaƙa itace da baki su ne maginan unguwar. Babbansu baƙi ne wuluk da jar hula, tsawonsa yakan kai santimita 50, kuma ko ba a gan shi ba ana ganin aikinsa: dogayen ramuka masu kusurwa huɗu a gindin sifurus, inda ya bi tururuwar da ke cikin itacen, da ɓarɓashin katako zube a ƙasa. Kusan kowace shekara yakan sassaƙa sabon kogo, tsohon kuma sai wata 'yar mujiya ko wata agwagwa mai ruwan zinariyar ido ta tare a ciki. Ƙaninsa mai yatsu uku ya fi wuyar gani. Shi ba ya huda da zurfi, ɓawo yake ɓarewa yana tsince ƙwarin da ke ƙarƙashi. Duk inda aka ga sifurus mai mutuwa, jikinsa ya koma jaja-jaja tsirara, ɓawo ya taru a gindi, to a tsaya a kasa kunne, da wuya ya yi nisa.

Yawancin masu zuwa daga nesa, a gaskiya, mujiya ce ke kawo su. Bahaushe zai yi mamakin wannan, shi da in ya ce an mai da mutum mujiya yana nufin kowa ya tsane shi. A can kuwa mutane na biyan kuɗin jirgi da na masauki don su yi ido huɗu da ita. Iri biyar ake nema, kuma birnin Oulu, mai nisan kusan kilomita 600 arewa da Helsinki a bakin gaɓar Botniya, shi ne zangon da aka fi yada zango. Ƙaramarsu tafin hannu ya ɗauke ta, amma tana kashe tsuntsun da ya kai ta girma. Akwai mai dogon wutsiya wadda ke farauta da rana tsaka, takan zauna a ƙololuwar bishiya ko kan wayar lantarki. Akwai mai zama a kogon masassaƙi, wadda in an ɗan karci jikin bishiyar sai ta leƙo da manyan idanu, tana zaton dabba ce ke hawowa. Akwai ta Ural. Sai kuma sarauniyarsu, babbar mujiya mai ruwan toka.

Wannan ta cancanci a tsaya a kanta. Tsawonta yakan haura santimita 60, fukafukanta in ta buɗe su kai mita ɗaya da rabi, amma mafi yawan wannan jiki gashi ne. Namijin da ƙyar yake kai kilo ɗaya. Fuskarta faffaɗa ce, zagayayya, da layuka zobe cikin zobe, da ƙananan idanu rawaya a tsakiya. Faifan fuskar nan aikinsa tattara sauti ya kai kunnuwa, kunnuwan kuma ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, abin da ke ba ta damar gane daidai inda motsi ya fito. A lokacin sanyi takan zauna a kan reshe a bakin fili, ta sunkuyar da kai, ta ji ɓera yana tafiya a ƙarƙashin dusar ƙanƙara mai kaurin kamu ɗaya, ta taso shiru, ta faɗa da ƙafafu ta fasa saman ƙanƙarar, ta fito da shi. Ba ta gina sheƙa. Tsohuwar sheƙar shaho take nema, ko kan karyayyen kututture, ko dandamalin katako da mutane suka ɗaura mata.

To amma duk mujiyoyin nan biyar, rayuwarsu a hannun ɓeran ciyawa take. Yawan wannan ɓera yana hawa da sauka bisa zagaye na shekara uku zuwa huɗu: shekara ɗaya ya cika daji, ta gaba ya ƙare ƙat. A shekarar yalwa mujiya takan yi ƙwai da yawa, sheƙu su yi kusa da juna. A shekarar fatara da yawansu ba sa ma yin ƙwai, wasu su yi ƙaura ta ɗaruruwan kilomita. Zagayen kuma ba lokaci guda yake faɗuwa a duk ƙasar ba, yana iya yin kyau a Oulu ya lalace a gabas. Saboda haka tambayar da mai hankali ke fara aikawa kafin ya sayi tikiti ita ce: yaya ɓera bana?

Nan ne maganar da ɗan gari akan ci gari take da muhalli. Baƙo shi kaɗai yana iya shafe mako bai ga mujiya ko ɗaya ba. 'Yan jagoran yankin tun watan Maris suke fita da dare suna sauraren kukan mazaje, suna kuma hulɗa da masu sa zobe da suka rataya akwatunan sheƙa a daji. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da 'ya'ya ke sheƙa, su ke kai mutane, su tsayar da su nesa, su ba su ɗan lokaci kaɗan a juya. Kuɗinsu da tsada, amma wanda ya ƙi biya ya yi asarar kuɗin jirgi. Tsayawa nesa ɗin ma ba don tsuntsun kaɗai ba ne. Mujiyar Ural in tana da 'ya'ya kan mutum take nufa kai tsaye, ta baya, ba gargaɗi sai ɗan ƙas-ƙas na baki. Masu sa zobe da hular kwano da kariyar fuska suke hawa bishiyarta. Wata 'yar'uwarta ta Birtaniya ce ta cire wa shahararren mai ɗaukar hoton tsuntsaye Eric Hosking idon hagu a 1937.

Kudu da Oulu kaɗan akwai gaɓar Liminka, faffaɗar fadama ta ciyawa da ruwa marar zurfi, da hasumiyoyin katako da aka gina don kallo, da hanyar katako shimfiɗe a kan laka. Ba daji ba ce, amma babu mai zuwa yankin ya tsallake ta. A watan Afrilu da Mayu dubban dinya da agwagi da wani dogon tsuntsu ɗan'uwan gauraka ke sauka a nan. Farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya da ke alamta ƙasar Finlan ma yana nan birjik, alhali a wajen 1950 bai fi aure goma sha biyar da suka rage a duk ƙasar ba. Wani likitan dabbobi mai suna Yrjö Kokko ne ya rubuta littafi a kansa a wannan shekara, ya juya zukatan mafarauta; yanzu ana ƙirga su da dubbai. Labarin wani ɗan tsuntsu mai rawayan ƙirji kuwa akasin haka ya zama. Liminka ce matattararsa ta ƙarshe a Finlan, kuma tun wajen 2007 aka daina jin waƙarsa. A hanyarsa ta ƙaura ake kama shi da raga a ƙasar Sin don ci, har yawansa a duniya ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 1980 da 2013.

A wannan fadama ce mutumin Nguru ko Hadeja zai haɗu da tsohon sani bai gane shi ba. Tsuntsun da Finlawa ke kira suokukko, zakaran fadama, irinsa ne ke sauka garke-garke a dausayin Hadeja da Nguru da bakin tafkin Chadi lokacin hunturu, yana tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. A can launinsa ƙasa-ƙasa ne, babu abin kallo. A Liminka cikin Mayu namijin ya fitar da wani tulin gashi a wuya da tukkaye biyu a ka, wani fari, wani baƙi, wani ja, da wuya a sami biyu iri ɗaya, suna taruwa a kan ɗan tudu suna tsalle-tsalle da buɗe gashi, ba mai fitar da sauti, mata na gefe suna zaɓe. Shaho masunci ma ɗan hanya ɗaya ne. Tun 1971 ake bibiyar sheƙunsa a Finlan bisa shirin da Farfesa Pertti Saurola ya assasa, kuma waɗanda aka liƙa wa na'urar tauraron ɗan'adam an bi su har Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da Kamaru.

Daga Oulu hanya takan nufi arewa maso gabas, tafiyar kusan awa uku zuwa Kuusamo, kusa da iyakar Rasha. Nan ƙasa ta fara tudu da kwari, kuma akwai sauran tsohon daji a nan.

Kajin daji su ake fara nema, kuma dabarar mai sauƙi ce: a tashi ƙarfe biyu ko uku na dare a bi hanyoyin tsakuwa da mota a hankali. Waɗannan tsuntsaye dangin fakara ne, abincinsu mai tauri ne, don haka sai sun haɗiyi tsakuwa ta niƙa musu shi a ciki, kuma bakin hanya ne wurin da ƙanƙara ke fara narkewa tsakuwa ta fito. Mota ba ta firgita su, buɗe ƙofa ne ke korarsu. Babbansu, metso, namijinsa yakan kai kilo huɗu zuwa biyar, baƙi mai sheƙin kore a ƙirji da jan fata a kan ido, kuma duk tsawon sanyi allurar fayin kaɗai yake ci. A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu mazajen ke taruwa a wani fili da suka gada kaka da kakanni cikin tsohon dajin fayin, su baje wutsiya, su miƙe wuya sama, su yi wata waƙa ta ƙwas-ƙwas da ba ta jiyuwa daga nesa duk da girman mai yinta. Jefi-jefi akan sami wanda ya rasa abokan karawa ya koma tare hanya yana kai wa mutane da motoci sara. Matsakaicinsu, teeri, a buɗaɗɗiyar fadama ko kan daskararren tafki yake nasa taron, kuma gurnaninsa yana kai kilomita biyu ko uku in gari ya yi tsit. Da sanyi ya tsananta sai ya faɗa cikin dusar ƙanƙara ya haƙa rami ya kwana, domin can ciki ya fi waje ɗumi nesa ba kusa ba. Ƙasa ce da aka taɓa auna sanyin digiri 51.5 ƙasa da sifili, a ƙauyen Pokka cikin Janairun 1999. Ƙaraminsu kuwa a duhun sifurus kusa da rafi yake, sai dai a ji siririn fitonsa.

Kusa da wurin wasan zamiya na Ruka akwai tudun Valtavaara, mai tsayin mita 492, wanda sunansa ya zaga duniyar masu kallon tsuntsaye saboda baƙo ɗaya. Ɗan tsuntsu ne mai shuɗin baya da wutsiya, da ruwan lemo a haƙarƙari. Asalinsa na Saiberiya ne, ba a taɓa rubuta ganinsa a Finlan ba sai 1949, kuma hunturunsa a kudu maso gabashin Asiya yake yi. Yakan iso a ƙarshen Mayu, ya kama gangaren da ke da tsofaffin sifurus, ya hau can ƙololuwa ya yi 'yar gajeriyar waƙarsa tun kafin mutane su farka. Hawan tudun da wuya, akwai sauran ƙanƙara a kwaruruka har farkon Yuni, dogon takalmin roba dole ne, kuma wuya yakan ƙage saboda ɗaga kai.

A gindin tudun, wurin ajiye motoci na Konttainen, lamarin ya sha bamban, don a nan tsuntsu ne ke neman mutum. Kuukkeli ɗan dangin hankaka ne, amma ƙarami, mai laushin gashi, ruwan ƙasa da jan wutsiya. Mutum na tsaye sai ya ga biyu ko uku sun sauko shiru daga reshe zuwa reshe, suna karkata kai suna dubansa. In ya miƙa hannu da ɗan gutsuren burodi ko zabibi, ɗaya zai dira a kan yatsunsa, a ji ƙananan farata sun riƙe fata, ya cika baki ya tashi. Ba ci zai yi ba. Zai je ya cakuɗa abincin da yawunsa mai danƙo ya liƙa shi a bayan ɓawo ko cikin gemun bishiya, kuma dubban irin wannan ajiya ne ke fitar da shi sanyi ba tare da ƙaura ba. Mafarautan da can suna ɗaukarsa tsuntsun sa'a, kashe shi kuma jawo wa kai tsiya ne. A kudancin ƙasar, inda aka daddatse tsohon daji, ya ɓace daga wurare da yawa.

Gandun Oulanka, wanda aka kafa a 1956, yana arewa kaɗan. Hanyar ƙafa ta Karhunkierros mai kusan kilomita 80 ta ratsa shi, amma mai neman tsuntsu ba ya buƙatar bin ta duka. Tafiyar kilomita ɗaya daga ofishin baƙi ta kai shi gangaren ruwan Kiutaköngäs, inda wani ɗan tsuntsu mai farin ƙirji ke nutsewa cikin ruwa mai gudu yana tafiya a ƙasan rafi yana tsintar tsutsa.

Abu biyu kan rikita baƙo a wannan yanki. Na farko haske. Kuusamo tana dab da da'irar Aktik, a tsakiyar Yuni rana ba ta faɗuwa, kuma tun Mayu dare bai wuce wani ɗan dushi-dushi ba. Tsuntsaye sun fi waƙa daga tsakar dare zuwa hantsi, don haka barci da rana ake yinsa, a ja labule mai kauri. Matafiyi Musulmi kuma gara ya tambayi malamai tun yana gida yadda zai yi da Magariba da Isha da Asuba. Mazauna can wasu suna bin lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suna bin na Makka. Na biyu sauro. Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli yakan taso daga fadamu gajimare guda, tare da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo. Ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, amma yana hana mutum riƙe madubin hangen nesa. Wannan ma dalili ne na zuwa kafin tsakiyar Yuni.

Manyan namun daji lissafinsu daban. Beyar, dabbar da ƙasar ta ɗauka alamarta, akwai kimanin dubu biyu a Finlan, amma mutum yana iya tsufa a ƙauyen daji bai taɓa ganin ɗaya ba, saboda tana jin warinsa tun daga nesa ta kauce. Hanyar ganinta ita ce bukkokin ɓuya da ke yankunan Kuhmo da Suomussalmi, a gefen iyakar Rasha mai tsawon kilomita 1,340. Akan shiga bukkar da la'asar, ba fita sai safiya. Ciki akwai gadaje, da 'yan tagogi, da ramukan da ake zura kyamara, da dogon bututu da ke fitar da warin mutane sama. Magana sai da raɗa. Lokacin yana farawa daga Afrilu, sa'ad da dabbar ta tashi daga barcin sanyi, zuwa ƙarshen Agusta, kuma uwa da 'ya'ya an fi ganinsu a Yuni da Yuli. A Kuhmo akan yi dace kyarkeci ya fito, ko ahma, wani ɗan'uwan dage mai nauyin kilo 10 zuwa 25, wanda ke tafiya da wani irin tsalle-tsalle, yana iya kuma kayar da dabbar da ta ninka shi sau da yawa in ƙanƙara ta yi zurfi. Dab da iyakar akwai zirin da ba a shiga sai da takardar izini, an yi wa itatuwansa alamar rawaya, kuma masu gadi ba sa wasa da wannan.

Gaskiyar da ba a cika faɗa wa baƙo ba ita ce abinci ake ajiyewa a gaban bukkokin, kifi ko nama ko abincin karnuka. Wato dabbar ta daji ce, amma zuwanta wurin shiri ne. A cikin ƙasar ma ana jayayya a kai. Masu harkar suna cewa ta kawo kuɗi ƙauyukan da matasa suka gudu, ta kuma sa rayayyar beyar ta fi matacciya daraja. Masu suka suna cewa tana tara maciya nama wuri guda, tana canza musu hali. Kowane ɓangare da hujjarsa, amma wanda ya dawo da hoto ya ce a yawo ya ci karo da ita bai kyauta wa masu sauraronsa ba.

Barewar ƙanƙara da ake gani tana tafe a tsakiyar kwalta a Kuusamo kuwa ba naman daji ba ce. Kusan dubu ɗari biyu ne a yankin kiwo, wanda ya kai sulusin ƙasar, kuma kowace da mai ita, da tsagar gidansu a kunne. Ta daji ta ainihi, mai dogayen ƙafafu, sai a Kuhmo da wasu 'yan wurare kudu da yankin kiwon. Makiyayan nan su ke ɗaukar asarar ahma da kyarkeci da gaggafa, gwamnati kuma tana biyan diyya. Game da gaggafa mai ruwan zinariya an yi wata dabara tun 1998: maimakon a biya bisa gawar ɗan barewa da aka tsinta, sai a biya bisa yawan sheƙun da ke yankin makiyaya da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe. Sheƙar da a da ake rushewa a ɓoye ta koma abin da makiyayi ke kai rahotonta da kansa. Sai hirbi, ƙaton ɗan dangin barewa da tsayinsa a kafaɗa ke kai mita biyu, nauyinsa rabin tan. Shi ba a nemansa, a sabon saran da ƙananan itatuwa suka tsiro yake kiwo da magariba da asuba, kuma direba ya fi kowa buƙatar ganinsa da wuri.

Mai jure sanyi yana da wata damar a Fabrairu da Maris. Daji ya yi tsit, amma 'yan tsuntsayen da suka rage yunwa ta tara su a wuraren da mutane ke rataya abinci. A ƙauyen Kaamanen, arewa da Inari, akwai masaukin bakin hanya da mutum zai zauna da kofin shayi yana kallon jajayen tsuntsaye masu kaurin baki ta taga, tazarar hannu ɗaya. Ɗaya gefen tekun Atlantika ma haka tsarin yake. Fadamar Sax-Zim a jihar Minnesota ta Amurka, tafiyar kusan awa ɗaya daga Duluth, nan ake bin hanyoyi da mota ana duba kan itatuwa; a sanyin 2004 zuwa 2005, da ɓera ya ƙare a Kanada, an ƙiyasta babbar mujiya mai ruwan toka sama da 5,000 ne suka kwararo jihar. A gandun Algonquin na Ontario, wanda aka kafa a 1893, hirbi kan fito bakin babbar hanya mai lamba 60 cikin Mayu don shan ruwan kwatami, saboda gishirin da aka zuba wa kwalta lokacin sanyi ya narke a ciki.

Wanda kuma taro ko karatu ya kai shi Helsinki, ba shi da sai yini guda, kada ya ce ba rabonsa. Gandun Nuuksio bai kai tafiyar awa ɗaya daga tsakiyar birni ba, kuma akwai baƙin masassaƙi da ƙaramar kazar daji a ciki. Alamar gandun wani kurege ne mai manyan baƙaƙen idanu, da fata shimfiɗe tsakanin hannu da ƙafa, wadda yake buɗewa ya yi shawagi daga bishiya zuwa bishiya, tazarar mita hamsin ko fiye. A duk Tarayyar Turai, Finlan da Estoniya ne matsuguninsa, kuma doka ta kare bishiyar da yake kwana har takan sa a karkatar da hanya ko a dakatar da gini. Da dare yake fita, don haka masu bincike ƙasa suke dubawa: gindin tsohon asfen ko ƙaton sifurus, inda kashinsa ke taruwa, rawaya-rawaya, kowane ɗaya girman ƙwayar shinkafa. A Maris da Afrilu ya fi fitowa fili a kan sauran ƙanƙara. In an same shi sai a nemi kogon da ke sama, a dawo bayan faɗuwar rana da kamar rabin awa, a tsaya ta inda bakin kogon zai kasance tsakanin mutum da hasken sararin yamma.